Shekarar da Mai Gadin Kwamfuta Ya Dinga Mutuwa

Shekarar da nake ɗauke da cikin Bulus ita ce wadda kuka fi jin labarinta a karkace. Alheri tana aji biyu a lokacin, Godiya ba ta ma shiga makaranta ba, saboda haka abin da kuka sani guntu-guntu ne da kuka tsinta a bakin mutane. Wasu sun ce muku mamanku ta kori aljani daga cikin kwamfuta, wasu kuma sun ce ta yi wa Fasto taurin kai. Gara ku ji daga bakina tun tunanina yana tare da ni.

Ina aikin buga rubutu ne a wani ɗan ofishi mai ɗaki biyu a Kafanchan, bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Aikin ofishin guda ɗaya ne, tattara kalmomin yarenmu da karin maganarsa a yi ƙamus, don masu fassara Littafi Mai Tsarki su sami abin dogara, yaranmu kuma su sami abin karantawa. Wani Bature ne ya fara aikin, mu dai Malam Dauda muke ce masa. Shi ya kawo kwamfutar, shi ya koya mini ita. Amma rumbun maganar kansa Baba Yakubu ne, tsohon katikis, mai koyar da addini a majami'a, daga wani ƙauye kusa da Kwoi, wanda ya haura tamanin, yana zaune a gidan ɗansa a cikin gari. Kowace safiya yakan zo da sandarsa ya zauna a baranda, ya faɗi karin magana, ya faɗi inda ake yinta da wanda ya fara jinta a bakinsa, ni kuma in ɗauka a kaset in buga. Kaset ɗinmu kaɗan ne, don haka da zarar na buga abin da ke ciki sai in sake ɗaukar sabuwar magana a kansa.

A ƙarƙashin tebur akwai wani akwatin batir mai nauyi da ake kira UPS. Idan aka ɗauke wuta shi ke riƙe kwamfutar na ɗan lokaci. Malam Dauda ya cire masa ƙararrawa saboda kukanta yana shiga kaset, ya rubuta wani ɗan shiri a cikin kwamfutar wanda ba a ganinsa a allo, yana can yana aiki a ɓoye. Kowane ɗan lokaci shirin zai tambayi akwatin ta wata waya, yaya wutar gari, yaya batir. Akwatin ya amsa da lambobi, shi kuma ya rubuta a wani fayil. In wuta ta tafi ta daɗe, sai ya adana aikin da ake ciki, ya kashe injin a hankali kafin batir ya ƙare. Wannan yana da muhimmanci, domin jera ƙamus ɗin yakan ɗauki awa biyu ko uku, kuma in injin ya mutu a tsakiyar jerin, fayil ɗin na iya lalacewa. Ranar da Malam Dauda ya nuna mini shirin, ya rage murya ya ce,

"Saratu, masu kwamfuta suna kiran irin wannan shiri dimon. Suna ne kawai, ko da yake a Turanci yana kama da kalmar aljani. Amma a gaban kwamiti ki ce mai gadi."

Muka yi dariya. Ban san dariyar za ta dawo mini da ciwon kai ba.

Da damina ta kusa ƙarewa matar Malam Dauda ta kwanta ciwo, dole suka tafi ƙasarsu a gurguje. Ya kwafe mini aikin duka a ƙananan faya-fayai, ya sa a aljihun tebur, ya bar mini wani koren fayil da ya buga duk shirye-shiryensa a ciki, ya ce in ci gaba da Baba. Wata biyu da rabi komai lafiya. Sai wata rana da la'asar, lokacin da aka fara kawo citta kasuwa, na bar injin yana jeri na fita baranda ina gyara takardu. Da na dawo na tarar ya mutu murus, alhali ƙwan lantarki yana ci, ko da yake ja-ja. Na jira, na kunna, ya tashi kamar ba abin da ya faru. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Ban buɗe kowane sashe na duba ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Jumma'a biyu a jere na kwafe aikin a kan faya-fayan ajiyata kamar yadda na saba. Da injin ya sake mutuwa, na buɗe sashen karin magana, sai na ga wasu alamomi marasa kan gado sun cinye shafi bayan shafi. Na ɗauko faya-fayan, su ma haka. Ashe tun mutuwar farko fayil ɗin ya lalace, ni kuma da hannuna na zuba ruɓaɓɓe a kan mai kyau. Abin da ya tsira sai wanda Malam Dauda ya bari a aljihun tebur. Maganar wata uku ta Baba Yakubu ta tafi, kaset ɗin ma na riga na shafe su.

Da safe na durƙusa a gabansa, cikina ya hana ni sauka sosai, na faɗa masa.

"Duka?" ya ce.

"Duka na bayan tafiyar Malam Dauda, Baba."

"Har da na girbi, waɗanda na ji a bakin kakata?"

"Har da su."

Tari ya taso masa, irin wanda ya fara damunsa a shekarar, ya jira ya lafa.

"To, kawo mini ruwa in sha, mu sake. Amma 'yata, kwanakina ba su da yawa. Kada ki ƙara sa ni ɗiban ruwa da kwando."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwamitin aikin ya zauna a kan maganar. Shugabansa Fasto Ayuba ne, fasto na majami'armu, mutum mai tsare doka, wanda babanku yake yi wa sakatare a ikilisiya. Na faɗi laifina ban ɓoye komai ba. Amma da na zo bayanin abin da ya kamata ya kashe injin a hankali bai yi ba, bakina ya suɓuce na ce dimon ɗin ne ya daina aiki. Wani dattijo ya ja kujerarsa baya.

"Me kika ce yana ciki?" in ji Fasto.

"Suna ne kawai, Baba Fasto. Mai gadi ne, shiri ne da Malam Dauda ya rubuta."

"Ko ma mene ne, ni na sa hannu na karɓi injin nan amana. A lulluɓe shi da zane. Ki koma kan tafireta har mai shi ya dawo. Kada kowa ya taɓa."

Tafireta ba ta da haruffan yarenmu, ba ta da alamun hawa da saukar murya. Kalma ɗaya a wurinmu in ka sauya mata murya ta zama wata, saboda haka abin da zan buga a tafireta rabin magana ne. Wasiƙa zuwa wurin Malam Dauda kuwa sai ta yi wata guda a hanya, amsa ma haka, ga shi yana jinyar mata. A gida na ce wa babanku ina so in duba abin da ke kashe mai gadin. Yana gyara takardun jarrabawar ɗalibansa, ya ajiye biro.

"Maman Alheri, Fasto ya yi magana."

"Na ji. Baba Yakubu fa? Ka ji tarinsa ranar Lahadi?"

"In kika ɓata injin gaba ɗaya, ina za mu sa kanmu a garin nan?"

Kwana biyu ba mu sake tayar da zancen ba. A rana ta uku ina ɗaura ɗankwali zan fita, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba,

"Ni ban ji ba, ban gani ba. Amma ki ci abinci kafin ki tafi, ba ke kaɗai ba ce."

Sai na tsara abin haka: da safe in yi aiki da Baba a tafireta, in ya tafi gida da azahar in rufe ƙofa in ɗage zanen. Ban taɓa ƙamus ɗin ba. Fayil ɗin da mai gadi ke rubuta lambobinsa kawai na buɗe, na nemi ranakun biyu da injin ya mutu, na kwafi layukan ƙarshe a littafin rubutu. Abin da na gani ya ba ni mamaki. A duka ranakun biyu mai gadi bai rubuta cewa an ɗauke wuta ba. Lambar wutar gari tana ɗari da saba'in, ta sauko ɗari da talatin, ta sauko ɗari da ɗan wani abu, daga nan shiru. Wato shi ne yake fara mutuwa, injin ya ci gaba da shan batir babu mai gargaɗi, har batir ya ƙare. Na gwada zare waya daga bango, kamar yadda na ga Malam Dauda yana gwadawa. Mai gadi ya yi aikinsa daidai. Na gwada sau biyar, lafiya lau. Na zauna ina kallon littafin, na rasa ta inda zan kama.

A haka Papa Okeke ya gan ni ta taga. Gidansa ne a jikin ofishinmu. Tun yana saurayi ya zo daga gabas ya kama aiki a sashen sigina da lantarki na jirgin ƙasa, ya yi ritaya a daidai lokacin da jiragen ma suka fara daina zuwa. Matarsa na sayar da burodi a ƙofar gida, shi kuma yana gyara rediyon unguwa. Hausarsa ta tasha ce, ba ta raba mace da namiji.

"Maman Alheri, ba Fasto ya ce a rufe wannan injin ba?"

"Ya ce, Papa."

"To. Me ya sa fuskanka haka?"

Na miƙa masa littafin ta taga. Ya sa tabarau, ya bi lambobin da yatsa, ya koma sama ya sake bi.

"Wannan ba ɗauke wuta ba ne. Wuta ya faɗi ne, bai mutu ba. Akwai wani a layin nan yana shan wuta da yawa. Jira ni."

Ya dawo da wata tsohuwar mitar auna ƙarfin wuta mai allura a cikin akwatin fata, ya haɗa ta a bango, ya ja kujera. Yini biyu muna zaune da rana muna kallon allura tana lilo kaɗan-kaɗan, yana ba ni labarin yadda tashar Kafanchan take a da, lokacin da jirgin gabas da na arewa ke haɗuwa, masu doya da lemo suna gudu a gefen tarago. A rana ta uku wajen la'asar muka ji wani gurnani daga bayan katanga. Danladi mai niƙa ne, ya sayi sabon injin lantarki don niƙa busasshiyar citta, kuma sai ya tara buhuna da yawa yake kunna shi. Allurar ta zube ƙasa kamar an tsinke ta.

"Duba injinka! Duba yanzu!"

Na buga umarnin da ke nuna shirye-shiryen da suke raye. Mai gadi ba ya ciki. Minti ɗaya kafin nan yana nan. Na kashe injin da hannuna, na zauna. Papa ya tafa sau ɗaya ya ce mun ga ɓarawo, saura mu ga ta inda yake shiga.

Nan na koma kan koren fayil ɗin. Ni ba makarantar kwamfuta na yi ba, amma Malam Dauda yana da hali mai kyau, kowane sashe sai ya rubuta da Turanci mai sauƙi abin da sashen yake yi. Na sami inda ya nuna yadda za a ga amsar akwatin a allo yadda take fitowa. Papa ya zaga wurin Danladi ya roƙe shi ya kunna injinsa na minti biyu. Danladi ya yi ta mamakin abin da citta ta haɗa da kwamfuta, amma ya kunna. Ina kallo lambar farko ta sauko, ɗari da ashirin, ɗari da biyar, sai ga tasa'in da takwas. Lamba biyu. Duk sauran layukan lamba uku ne. Na juya shafin da mai gadi ke karanta amsar, na ga an rubuta ya ɗauki harafi uku na farko a matsayin wutar gari, ya tsallake waƙafi, ya ɗauki na gaba. A nan aikin tafireta ya taimake ni. Duk wanda ya taɓa cika fom mai gida-gida ya san in ka rage harafi ɗaya, duk abin da ya biyo baya sai ya zame ya shiga gidan da ba nasa ba. Waƙafi ya faɗa gida na uku, sauran lambobin suka goce, lambar da mai gadi ke rabawa da ita don ya san sauran mintin batir ta zama sifili. Injin kuwa ba ya raba abu da sifili, sai ya kashe shirin nan take. In an ɗauke wuta gaba ɗaya, akwatin wata kalma dabam yake aikowa, wadda Malam Dauda ya riga ya tanada, shi ya sa zare waya bai taɓa nuna matsalar ba. Mutumin kirki ya yi tanadin wuta ta zo, ya yi tanadin ta tafi. Bai san wutarmu ta iya tsayawa a tsakani ba.

Ganin ciwo daban, magani daban. Na tuna a shirin ƙamus akwai inda ake raba kalma da ma'anarta ta wurin neman waƙafi, ba ta ƙirga haruffa ba, na sha ganinsa yana gyara wurin. Na kwafi tsohon shirin na ajiye a faifai biyu, wannan karon na buɗe kowanne na tabbatar. Na yi addu'a, na ɗauko waɗancan layuka na dasa su a cikin mai gadi. Da na ba injin umarnin ya haɗa shirin, ya cika mini allo da ƙorafi. Kwana biyu ina fama, ƙafafuna sun kumbura, ashe wata 'yar alama ce, waƙafi mai ɗigo a kai, na manta a ƙarshen layi ɗaya. Da na sa ta, injin ya yi shiru ya karɓa. Na so in yi guɗa, Papa ya ɗaga hannu.

"Tukuna. A sigina, in ka gyara, sai ka gwada sau uku kafin ka bar jirgi ya wuce. Mutane ne a ciki."

Sau uku Danladi ya kunna mana injinsa. Sau uku allura ta zube, mai gadi ya rubuta tasa'in da wani abu, ya ci gaba da rayuwa. A na ukun muka bar shi ya daɗe. Sai ga gargaɗi a allo, ya adana komai, ya kashe injin a hankali kamar uwa tana kwantar da jariri.

Da ƙafata na je na faɗa wa Fasto, ban jira ya ji a bakin wani ba. Ya zo ya tsaya a bayana aka sake gwajin, bai zauna ba. Da aka gama ya ce,

"Na ga ya yi aiki. Amma na ce kada a taɓa, kin taɓa. Ba ni makullin."

Ya yarda a koma kan kwamfutar, amma makullin ofishi ya koma gidansa. Kullum sai in taka zuwa can da safe in karɓa, in mayar da azahar, da cikin wata takwas. A zaɓen ikilisiya da ya biyo baya ba a mayar da babanku sakatare ba, kuma bai taɓa ce mini ni na jawo ba, ko sau ɗaya. Da ƙamus ɗin ya fito bayan shekaru, an jera sunayen 'yan kwamiti a gaba, ba a sa nawa ba. Na san wannan ne yake yi muku zafi, musamman ke Godiya. Ku cire wannan daga ranku. Fasto amana aka ba shi ta abin da bai fahimta ba, ya kuma riga ya ga na yi asarar wata uku da hannuna. Da ni ce a kujerarsa ban san abin da zan yi ba. Shi ne kuma ya zo asibiti da babur cikin ƙurar hunturu ranar da haihuwar Bulus ta zo da gardama, ya tsaya a ƙofa yana addu'a har aka ji kuka. Da na koma aiki na tarar ya ajiye mini makullin a kan teburina. Amsar wasiƙar da na aika wa Malam Dauda kan gyaran ta iso a watan. Ya ce kuskuren nasa ne, ya ce in bar gyaran yadda yake. Bai sami dawowa ba, jinyar matarsa ta yi tsawo.

Baba Yakubu ya sake faɗin abin da ya ɓata. Ba duka suka dawo ba. Akwai na girbi guda uku da ya yi kwanaki yana nema a ransa, ya ce sun bi kakarsa. Amma wasu da bai taɓa faɗa ba suka fito a garin neman. Injin bai ƙara mutuwa a kanmu ba. Ranar da muka kai ƙarshe, Bulus na goye a bayana, ya sa na karanta masa ta ƙarshe daga allo, ya gyara mini murya a kalma ɗaya, ya ce shi ke nan, buhu ya ƙare. Sai ya ce in kira masa Papa Okeke. Papa ya zagayo da ƙarfen gyaran rediyo a hannu. Baba ya miƙe da ƙyar, ya kama hannunsa biyu, ya yi masa magana mai tsawo da yarenmu. Papa ya juyo gare ni.

"Me Baba ya ce?"

"Albarka ya sa maka, Papa. Ya ce kada hayaƙi ya yanke a gidanka, kada 'ya'yanka su rasa mai buɗe musu ƙofa. Wannan ba kowa ake yi wa ita ba. Sai wanda ya nome maka gona kana kwance ba lafiya. Daga ranar kuma ya zama ɗan gida."

Papa ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji.

"Shekara arba'in ina garin nan," ya ce. "Yau ne na sauka daga jirgi."

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya. 'Yar Papa ta fari tana nan da shagonta a hanyar tasha. In kun je Kafanchan kada ku wuce ta a kan babur kuna ɗaga hannu. Ku sauka, ku shiga, ku gaishe ta da sunan Anti, ku ci abin da ta ba ku.